Takobin Errol Flynn da Kuɗin Goron da Ake Yi wa Tsofaffin Finafinai

A ƙarshen fim ɗin Captain Blood, wanda kamfanin Warner Bros. ya fitar a 1935, jarumin, wanda Errol Flynn ya fito a matsayinsa, ya zama gwamnan Jamaika. Shi wannan mutum, a farkon fim ɗin, bawa ne a tsibirin. Likita ne ɗan ƙasar Ailan mai suna Peter Blood, laifinsa kawai ya yi wa wani ɗan tawaye magani a lokacin boren da aka yi wa Sarki James na Biyu a 1685. Aka yanke masa hukunci, aka loda shi a jirgi da sarƙa, aka tsayar da shi a kasuwar Port Royal, mai saye na cewa ya buɗe baki a duba haƙora. Daga ƙarshe wata budurwa ta saye shi fam goma. Ya tsere da abokansa, ya zama ɗan fashin teku, sarauta ta sauya hannu a Landan, sabon sarki ya yi masa afuwa har da ƙarin kujera. Kiɗa ya tashi, budurwar nan ta faɗa hannunsa, kowa ya fito daga silima yana murmushi.

To, sauran bayin fa? Jamaikar wancan zamani da gumin 'yan Afirka ake noma rakenta, dubbansu, kuma jirage ba su fasa sauke wasu ba. Sabon gwamna bai ce uffan a kansu ba, fim ɗin ma bai bari tambayar ta ɗarsu a ran mai kallo ba. Bature ya fita daga sarƙa, shi ke nan, zalunci ya ƙare.

Duk da haka ina son fim ɗin, gobe ma aka sa shi zan zauna. Na san akwai waɗanda ba sa yarda maganganun nan biyu su fito daga baki ɗaya. Tun watan Yunin 2020, lokacin da zanga-zangar kisan George Floyd ta cika titunan Amurka, ake ta ja-in-ja kan abin da ya kamata a yi da tsofaffin finafinan Hollywood. A watan ne manhajar HBO Max ta janye Gone with the Wind, sannan bayan kamar mako biyu ta mayar da shi da gabatarwar Farfesa Jacqueline Stewart ta Jami'ar Chicago a gabansa. Wasu suka ce gabatarwa ba ta isa ba, a kulle irin waɗannan finafinai a sito a jefar da makulli. Wasu suka ce ai zamanin zinare ne, wanda ya taɓa shi maƙiyin fasaha ne. Ni a ganina duka ɓangarorin biyu kuɗin goro suke yi, kuma wanda ya yi kuɗin goro a maganar fim, galibi bai zauna ya kalla ba.

Finafinan Errol Flynn ne wurin da ya fi dacewa a gwada wannan, don kusan mutane ɗaya ne suka yi su: kamfani ɗaya, darakta ɗaya da jaruma ɗaya a mafi yawansu, cikin shekara biyar zuwa shida. Amma a cikinsu akwai wanda zan nuna wa ɗana ba tare da na ce komai ba, akwai wanda sai da littafin tarihi a gefe, akwai kuma wanda guba ne zalla.

An haifi Flynn a Hobart, tsibirin Tasmaniya na Ostareliya, a 1909. Mahaifinsa farfesa ne masanin halittu, amma ɗan bai gaji boko ba, korarsa ma aka yi daga makaranta a Sydney. Ya yi yawon neman zinariya da noman taba a Niyu Gini, ya fito a wani ƙaramin fim a ƙasarsu a 1933, ya ɗan taka dandamali a garin Northampton na Ingila, sai Warner suka kwashe shi zuwa Amurka. Captain Blood ba don shi aka shirya ba. Robert Donat aka so, da abin bai yiwu ba sai kamfanin ya yi kasada da wannan saurayi ɗan shekara 26 da babu wanda ya sani, aka haɗa shi da Olivia de Havilland mai shekara 19. Kafin su Douglas Fairbanks ne sarkin finafinan takobi, a zamanin da fim ba ya magana, kuma mutane da yawa sun ɗauka harkar ta bi shi. Fim ɗaya ya tayar da ita.

Ba zan ce Flynn gwanin wasan kwaikwayo ne irin wanda zai sa ka hawaye ba. Abin da Allah ya ba shi daban ne: yana shiga haɗari da fara'a, ka rantse biki aka gayyace shi. Mu 'yan kallo mun daɗe muna cewa akta ba ya mutuwa. To Flynn, a finafinan takobinsa, wasa yake yi tamkar shi ma ya san da haka, kuma yana so ka san ya sani. Dariyar nan tasa, kai a baya, hannu a ƙugu, ita ce jarinsa. An yi ta kwaikwayonta shekara da shekaru, wanda duk ya gwada sai ta zame masa iyayi.

A je ga The Adventures of Robin Hood na 1938, wanda a wurina shi ne kan gaba, nesa ba kusa ba. Yarima John na cin liyafa a fadar Nottingham da manyan Norman masu mulkin Ingila, ana maganar wani ɗan Saxon, ƙabilar da suke mulka, mai taurin kai da ya kashe barewar sarki, laifin da hukuncinsa kisa ne. Sai ga hayaniya a ƙofa. Robin ya shigo da barewar a wuyansa, yana ture dogarai da ita, ya taka har gaban Yarima ya jibge ta a kan teburin abinci. Aka ba shi kujera, ya zauna ya miƙe, ya ɗauki nama yana yaga da hannu, yana gaya wa Yarima a gaban fadawansa cewa shi ɓarawon sarauta ne. Marian, budurwar fada da de Havilland ta fito a matsayinta, ta ce masa wannan magana ai cin amanar ƙasa ce, ya amsa mata da cewa kuma ya iya ta sosai. Duk wannan lokaci idonsa na lura da yadda ake rufe ƙofofi a bayansa. Da mashi ya huda bayan kujerarsa sai ya kifa da ita, faɗa ya kaure. Minti kaɗan ne, amma ka san waye shi, ka san waye Yarima, wanda Claude Rains ya fito a matsayinsa yana magana a hankali yana murmushin mugunta, ka kuma san Marian ta fara kallonsa da wani ido ko da bakinta bai yarda ba.

Sai faɗan ƙarshe da Sir Guy, bos ɗin fim ɗin. Basil Rathbone da ya hau wannan matsayi ya fi Flynn iya takobi a zahiri, abin da ya ƙware a kai ne, amma aikinsa a fim shi ne ya sha kashi da kyau. Suna sauko da matattakalar dutse suna sara, suka ture teburi, kyandirori suka zube, sai kyamara ta bar su ta koma kan wani ƙaton ginshiƙi inda inuwoyinsu kaɗai ke fafatawa, manya-manya, kafin su sake faɗowa cikin hoto. Dabarar darakta Michael Curtiz ce, ɗan ƙasar Hangari, wanda ya karɓi aikin daga hannun William Keighley da kamfanin ya ga faɗan bai yi zafi ba. Fred Cavens ne ya tsara saran, taku bayan taku. Babu kwamfuta a nan, babu yanka hoto sau ɗari don a ɓoye cewa jarumi bai iya ba. Ana ganin mutum biyu daga kai har ƙafa, gumi na zuba.

Kibiyoyin ma na gaske ne. Wani shahararren maharbi, Howard Hill, shi ke harbin mutane, su kuwa sun sa faranti na ƙarfe da katako mai laushi a ƙarƙashin riga, ana biyansu dala 150 a kan kowace kibiya da ta same su. Ban ce wannan hankali ne ba, amma shi ya sa idan dogari ya faɗi a fim ɗin kake jin faɗuwar a jikinka. An kashe kusan dala miliyan 2, kuɗin da Warner ba su taɓa zuba wa fim ɗaya ba kafin nan, an ɗauke shi da kalar Technicolor, dajin Sherwood kuwa wani lambu ne a garin Chico na jihar Kalifoniya. Ya ci kyautar Oscar uku: tsara wuri, tace hoto, da kiɗa.

Labarin mai kiɗan ya isa a tsaya a kansa. Erich Wolfgang Korngold Bayahude ne daga Biyana, tun yana yaro ake kiransa abin al'ajabi a kiɗan gargajiyar Turai. A farkon 1938 Warner suka kira shi ya zo ya yi wa Robin Hood kiɗa. Ya zo, ya kalli fim ɗin, ya so ya ƙi, yana ganin gudu da tsallen sun yi masa yawa. Yana Amurka sojojin Hitler suka shiga Ostiriya a watan Maris, aka ƙwace gidansa. Daga baya shi da kansa ya riƙa cewa Robin Hood ne ya ceci ransa. Idan ka san wannan, kiɗan da ke tashi lokacin da talakawan daji ke dirowa daga bishiyoyi kan ayarin Sir Guy ba zai zame maka na nishaɗi kawai ba. Salon nasa ne kuma John Williams ya farfaɗo da shi a Star Wars a 1977, don haka ko wanda bai taɓa jin sunan Korngold ba ya ji jikokin kiɗansa.

Abin da ya sa nake kare wannan fim bai tsaya ga kyan hoto ba. Maganar haraji yake yi. An kama Sarki Richard a Ostiriya, ƙaninsa John ya ɗora wa talakawa haraji da sunan kuɗin fansa, alhali aljihunsa yake cikawa don ya saye kujerar. Akwai inda Robin ya ja Marian gefe, ya bar wurin shagali, ya kai ta inda waɗanda masu karɓar haraji suka nakasa suke zaune, tsofaffi da mata da marayu, ya ce ta duba. A 1938 Amurkawa ba su gama farfaɗowa daga karayar tattalin arziki ba, Turai kuma 'yan kama-karya na cin karensu babu babbaka, don haka 'yan kallo sun gane inda aka dosa. Masu mulki ma sun gane. A 1953 wata mamba a hukumar littattafan makaranta ta jihar Indiana ta nemi a cire labarin Robin Hood daga manhaja, wai ƙwace na mai kuɗi a ba talaka koyarwar kwaminisanci ce. Ɗaliban Jami'ar Indiana suka mayar mata da martani da saka koren gashin tsuntsu a riga. Wato tun kafin a haifi masu neman a kulle tsofaffin finafinai a yau, an taɓa neman kulle wannan labari, daga ɗaya ɓangaren.

Akwai ma abin da zai ba musulmi mai kallo mamaki. Shi Richard ɗin da ake jiran dawowarsa, yaƙin Salibiyya ya tafi, shi ne wanda ya kara da Salahuddin Ayyubi, shi ne kuma ya sa aka yanka fursunoni musulmi kusan 2,700 a Akka a 1191. Fim ɗin bai faɗi wannan ba, bai ma nuna yaƙin ba. Amma da Richard ya dawo a ɓoye cikin rigar malamin coci, ya tambayi Robin wa yake ɗora wa laifin halin da ƙasa ke ciki, sai Robin ya ce Richard, don aikinsa ya zauna gida ya kare jama'arsa, ba ya watsar da su ya tafi yaƙi a ƙasar wasu ba. Gaskiya ya faɗa, don a shekara goma na sarautarsa, 1189 zuwa 1199, abin da Richard ya yi a Ingila bai wuce wata shida ba. Samun irin wannan magana a bakin jarumin Hollywood na 1938 ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai da sarkin ya yaye rigar, Robin ya durƙusa. Nan ne iyakar tawayen Flynn, a kowane fim. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma da a ce marubutan Warner sun ji wannan karin magana da sun rataye ta a ofis. Ɗan tawayensu ba ya faɗa da sarauta, da wanda ya zauna a kujerar ba bisa ƙa'ida ba yake faɗa. Idan sarkin ne da kansa ya lalace, sai a jira na kirki ya iso. Robin ya samu sarauta da mata, Blood ya samu gwamna, jarumin The Sea Hawk sarauniya ta ɗora masa takobi a kafaɗa. Talakan da aka yi faɗan dominsa ya koma gona, ya ci gaba da biyan haraji, ga mai karɓa na kirki wannan karon. A Robin Hood ina iya haɗiye wannan, don tatsuniya ce, ba a ma tabbatar an yi mutumin ba. A Captain Blood ba ta haɗiyuwa da sauƙi, don sarakunan cikinsa na gaske ne kuma an san abin da suka aikata.

James na Biyu, mugun sarkin fim ɗin, da gaske ya tura 'yan tawayen 1685 sama da 800 aikin bauta a tsibiran Karibiyan, bayan shari'ar gaggawa ta alƙali Jeffreys. Wannan fim ɗin ya nuna. Abin da bai nuna ba shi ne James ɗin nan, tun yana Duke na York, shi ne shugaban Royal African Company, kamfanin da ya yi jigilar dubun-dubatar 'yan Afirka daga gaɓar yammacin nahiyar nan zuwa waɗannan tsibirai, har ana yi wa wasunsu lalas da haruffan sarautarsa. To sarkin kirkin fa, William na Uku, wanda ya yi wa Blood afuwa? A 2023 jaridar Guardian ta buga wata takarda da ke nuna cewa a 1689 an miƙa masa hannun jari na fam 1,000 a wannan kamfani, daga hannun Edward Colston, mutumin da masu zanga-zanga suka tumɓuke gunkinsa a Bristol a 2020 suka jefa a ruwa. Shekarar da fim ɗin ke murnar adalci ya dawo ke nan. Abin da ya ƙona ran marubutan bai wuce an yi wa likita Bature abin da aka tanada don wasu ba.

The Sea Hawk na 1940 ya fi wayo, kuma ya fi kyau a ido. Yana buɗewa da Sarki Philip na Sifaniya a gaban taswirar duniya yana cewa wata rana duk za ta zama taswirar Sifaniya. Babu wanda ya shiga silima a shekarar, jiragen Jamus na ruwan bama-bamai a Ingila, da bai gane Hitler ake nufi ba. Amurka ba ta shiga yaƙin ba sai Disambar 1941, kuma Warner na cikin kamfanonin da suka fi matsa wa jama'a su farka. Jawabin da Flora Robson ta yi a ƙarshe a matsayin Sarauniya Elizabeth, kan wajibcin tsayawa gaban mutum ɗaya mai son haɗiye duniya, da mutanen 1940 take, ba da na ƙarni na 16 ba. Wannan niyya ce mai kyau, ban raina ta ba. An gina jirage biyu cikakku a cikin wani ƙaton ɗakin ɗaukar fim mai tafki, kuma wurin da Turawan Ingila da aka ɗaure a cikin jirgin Sifaniya suna tuƙi da filafili suka ɓalle sarƙa cikin dare, yana cikin abubuwan da Curtiz ya fi iyawa.

Amma ga sarƙa kuma a ƙafar Bature. Su waɗannan ɓarayin teku na Elizabeth da aka wanke aka mayar masu 'yanta bayi, su waye a tarihi? John Hawkins ne da ɗan'uwansa Francis Drake. A 1562 Hawkins ya kwashi mutane kusan 300 daga gaɓar Saliyo ya sayar a tsibirin Hispaniola. Ribar ta yi daɗi har sarauniyar ta ba shi aron jirginta, Jesus of Lübeck, a tafiya ta biyu a 1564. A ta uku, 1567, Drake na tare da shi. Tambarin girmamawar da aka ba Hawkins hoton ɗan Afirka ne a ɗaure da igiya. Gabar da ke tsakaninsu da Sifaniya ma wani ɓangarenta daga nan ta samo asali, don Sifaniyawa ba su yarda baƙo ya sayar da bayi a yankunansu ba tare da izini ba. Rigimar kasuwa ce, fim ya mayar da ita yaƙin 'yanci.

Kada mu yi saurin tafa wa kanmu. Shirin Ertugrul na Turkiyya da ya samu karɓuwa a gidajenmu, wanda tashar TRT ta nuna daga 2014 zuwa 2019, irin wannan aiki yake yi: abin da tarihi ya tabbatar game da mutumin kaɗan ne ƙwarai, sauran duk marubuta ne suka cike da abin da zai yi wa ƙasarsu daɗi a yau. Muna kallo muna kabbara don namu ne ake wankewa. Fim ɗin takobi a ko'ina haka yake, tarihi yake ara ya yi wa yau magana. Tambayar da ta dace ita ce wa aka goge don labarin ya yi daɗi, kuma gogewar ta kai ina.

A The Charge of the Light Brigade na 1936 ta kai maƙura. Abin da ya faru a Balaclava ranar 25 ga Oktoban 1854, a yaƙin Kirimiya, shirme ne na manyan hafsoshin Ingila: umarni ya rikice a hanya, aka tura barade sama da 600 cikin bakin igwar Rasha. Fim ɗin ya ƙirƙiro wani basarake musulmi a yankin Indiya, Surat Khan, Bature ne ma aka shafa wa fuska ya fito a matsayinsa, ya sa shi ya yanka mata da yara, sannan ya kai shi Kirimiya ya tsaya bayan igwar Rasha, don sukuwar wauta ta koma ɗaukar fansa. Mulkin mallaka ya fito fes. Kuma don a samu hoton dawakai na kifewa, waya aka ɗaura musu a ƙafafun gaba, su taho a guje, wayar ta ƙare. Da yawa sun karye, aka harbe su. Duk wanda ya taɓa riƙe linzami ba zai iya kallon wannan sukuwa da daɗin rai ba idan ya san haka. Wannan fim ban ga abin da zan kare a cikinsa ba, ko da Flynn da de Havilland na ciki, ko da Curtiz ne ya ɗauka.

Saura maganar mutumin kansa, wadda masu cewa a kulle suka fi riƙewa. A ƙarshen 1942 an gurfanar da Flynn a Los Angeles bisa zargin lalata da 'yan mata biyu da ba su kai shekara 18 ba. A watan Fabrairun 1943 aka wanke shi, bayan lauyansa Jerry Giesler ya mayar da shari'ar ta koma binciken tarbiyyar yaran. Kasuwarsa ba ta faɗi ba, sai ma abin ya zama abin barkwanci a gari. Kotu ta sallame shi, wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa a shekarunsa biyu na ƙarshe yana tare da wata yarinya da ya fara nema tana da shekara 15, shi yana dab da 50, kuma tana tare da shi a Vancouver lokacin da zuciyarsa ta tsaya a watan Oktoban 1959. Giya da ƙwaya sun riga sun cinye shi. Ba ni da wata kalmar kariya gare shi, kuma masoyansa da ke kiran wannan "rayuwar ɗan duniya" suna raina wa mutane hankali.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce saboda haka a binne Robin Hood. Fim ɗin ba na Flynn ba ne. Ma'aikaci ne shi ma, da albashin mako, a ƙarƙashin kwantiragin da kamfani ke juya shi yadda ya so. A cikinsa akwai Korngold da ya rasa gida, akwai mutanen da suka tsaya aka harbe su da kibiya, akwai de Havilland, wadda ta yi fim takwas da shi, sannan a 1943 ta kai Warner kotu kan yadda suke tsawaita kwantiragin 'yan wasa, ta yi nasara a 1944, hukuncin da har yau ake kira da sunanta a Kalifoniya. Ta rayu har 2020, ta rasu a Faris tana da shekara 104. A goge aikinta saboda halin abokin aikinta, wannan wane irin adalci ne? Abin da ya wajaba shi ne idan an zo ba da tarihin Flynn a faɗi duka, kada a tsaya a dariya da takobi.

Gargaɗin da ake liƙawa a farkon fim ma, ban ƙi shi ba idan irin na Farfesa Stewart ne, mai sunaye da shekaru da dalili. Wanda ba na so shi ne jimla ɗaya da ake manna wa kowane tsohon fim, wai yana ɗauke da abubuwan da ba su dace da zamani ba. Wannan ba ya gaya maka Hawkins, ba ya gaya maka Akka, kamfani ne kawai ke kare kansa. Kuma yana sa Robin Hood da Light Brigade a kwando ɗaya.

Ga kuma inda dabarar gargaɗin ta gaza gaba ɗaya. Fim ɗin Flynn da ya fi kowanne buƙatar bayani shi ne Santa Fe Trail na 1940, inda ya fito a matsayin J.E.B. Stuart, hafsan da daga baya ya yi yaƙi a ɓangaren jihohin kudu masu riƙe da bayi a yaƙin basasar Amurka, Ronald Reagan kuma ya fito a matsayin wani hafsan mai suna George Custer. Bos ɗin fim ɗin John Brown ne, mutumin da aka rataye a watan Disambar 1859 saboda ya ɗauki makami don 'yanta bayi. An nuna shi mahaukaci mai zare ido, an kuma sa bayin da ya kuɓutar suna cewa in dai wannan ce 'yancin ba sa so, gara su koma gida Texas. Haƙƙin mallakar wannan fim ya faɗi tun tuni don ba a sabunta shi ba, saboda haka ba shi da mai shi da zai janye shi ko ya liƙa masa gabatarwa. Yana nan a YouTube kyauta, kowa na iya saukewa, alhali Robin Hood sai ka biya ko ka yi wahalar nema. Mafi munin shi ne mafi sauƙin samu.

Shi ya sa nake ganin aikin ya dawo kan masu kawo wa jama'a fim, har da masu fassara finafinan waje zuwa Hausa, waɗanda sun riga sun saba tsoma baki a labari da barkwanci da ƙarin bayani. In za su taɓa finafinan Flynn, su fara da Robin Hood, ba ya buƙatar komai sai murya mai kyau ga Yarima John. Captain Blood da The Sea Hawk a ba su minti biyu a farko, a faɗi kamfanin James da jirgin Hawkins. Santa Fe Trail kuwa, wanda zai fassara shi ya fara gaya wa mutane waye John Brown da abin da ya kai shi ga igiya, in ba zai iya ba ya bar shi da Turancinsa.